Darasin da Ya Fito ta Lasifika Ranar Suna

Yayata ba ta ko kiran sunan 'yarta ta fari, balle su zauna su yi maganar al'ada. Kunyar ɗan fari ce, haka muka taso muka gani a Tudun Wada. Don haka da malamar makarantarsu ta sa 'yan ajin cikin wani kwas na intanet kan lafiyar jiki lokacin balaga, na ji daɗi. Yarinyar ba ta da waya, da ta uwarta take sauke darussan ta saurara a bayan ɗaki. Ni kaɗai ta gaya wa dalili: duk wata ciwon mara yana naɗe ta kamar tabarma, tana so ta san ko wani abu ne ya same ta.

Ranar sunan ƙaninta gida ya cika maƙil da mata. Aka yi hayar lasifika daga unguwar Kwangila, aka jona wayar mai jego don a sha kiɗa. Waƙa ta ƙare, waya kuwa ba ta san kunya ba, sai ta wuce abin da ke gaba. Muryar wata likita ta cika tsakar gida, tana bayanin yadda ciki ke shiga da cututtukan da ake ɗauka.

Yarinyar ta ruga ta fizge wayar. Da haka ta tona kanta.

Gwaggon ubanta, tsohuwa mai baki kamar reza, ta ajiye cokali. "Au, ashe naki ne? To a duba ta dai, ruwa ba ya tsami banza."

Mata suka fashe da dariya, wata har da guɗa. Na ce malamarsu ce ta sa su, karatu ne. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. "Ke da kika yi boko a jami'a nan Kongo, ai dole ki ce haka."

Kalma ɗaya daga bakin yayata da ta kashe maganar. Amma uwa ba ta kare 'yar fari a gaban dangin miji, sai a ce ba ta da kara. Ta sunkuyar da kai tana shayar da jariri, har da ɗan murmushi. Na tsani murmushin nan har yau.

Uban ya goge darussan, ya je makaranta ya yi faɗa. Kafin sati 'yan acaɓan bakin layi sun fara kiranta likitar mata.

Bayan wata biyu na je gidan, na sami yarinyar a ƙasa ta dunƙule, gumi ya jiƙa mata riga. Uwar ta zo wucewa da jariri a baya, ta ratse ta gefe. Na durƙusa na ce, "'Yata, marar ce?"

Ta dube ni kamar baƙuwa. "Lafiya lau nake, Inna."