Gashin da Ke Cikin Bango

A shekarar da matata ta rasu, gadi nake yi a wani shagon tsofaffin kayan ado kusa da Al Asmakh, a birnin Doha. An kira ni da hantsi, kafin la'asar an binne ta a Kano. Ni kuwa ina tsaye da kakina, ina buɗe wa masu saye ƙofa.

Da littattafan soyayya na taso, har a ɗakinmu na Mu'aither akwai su ƙarƙashin katifata. A cikinsu in masoyiya ta mutu, namiji yakan yanke jiki ya faɗi sumamme. Na yi ta jiran nawa bai zo ba. Ina cin shinkafata, ina barci, ina tashi.

A akwatin gilashin da ke dab da ni akwai wani ɗan abin maƙalawa a ƙirji. Zinare ne, zagaye da jajayen duwatsu da ƙananan lu'ulu'u kamar ƙwayar gero. Mai shagon yakan gaya wa masu saye cewa aikin maƙeran Amurka ne na zamanin da, da hannu suka huda kowane lu'ulu'u, suka lanƙwasa zinaren a bakin kowane dutse. A tsakiya, ƙarƙashin ɗan gilashi, akwai siririn kitso ruwan ƙasa. Gashin wata mamaciya ne, mijinta ya kai wa maƙeri.

Kullum ina kallonsa, har na tuna matata ba ta yar da gashinta in ta taje. Takan dunƙule shi ta cusa a tsagar bangon bayan ɗakinmu, wai kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi ta kamu da ciwon kai. Ba ni da komai nata a Doha. Ko sili ɗaya nake so.

Ranar Juma'a na kira ƙanwarta, na gaya mata abin da nake so.

"Gashi kuma, Yaya? Bokanci ka koma a can?"

"Ke dai duba min tsagar nan."



"Ai an shafe bangon da siminti tun kafin damina. Kai ka ce a yi. Ita ma marigayiyar da kanta ta tsaya a kan magina."

"To, shi ke nan," na ce. "Ki gaida su Inna."

Washegari na koma bakin ƙofa. Mai shagon yana goge akwatin da ƙyalle. Gashin matata ma yana nan a adane cikin bango, sai dai babu gilashin da zan leƙa.