Layin da Liya ta Yanka

Liya Sati tana sayar da dashen mangwaro a bakin titin Samaru, a ƙarƙashin wata rumfar kara. Shekara talatin ke nan tana aurar da itatuwa: ta tsaga ƙaramin dashe da wuƙa, ta cusa masa reshen iri mai kyau, ta ɗaure da leda. Na fara zuwa wurinta bayan dawowata gida. Da na miƙa hannu zan karɓi dashe sai na lura ba ta buɗe tafin hannunta na hagu. Na tambaya, ta yi dariya ta buɗe.

Wani layi mai zurfi ya ratsa tafin daga gefe zuwa gefe. Tana yarinya a ƙauyensu wani mai duba ya gan shi, ya ce wannan hannu duk abin da ya riƙe ba ya rayuwa. Ɗanta na fari ya rasu a goye, maganar ta manne mata. Ta biyo ta har Samaru, har cikin coci.

Bara Precious, matar ɗanta Japhet, ta haihu, ta tafi wankan gida wurin uwarta Janet a Palladan. Liya ta haɗa sabulu da zane ta je yi wa jikanta wanka. Janet ta tare ta a tsakar gida.

"Maman Japhet, ki huta, akwai masu yi."

"Maman Precious, faɗi abin da ke bakinki."

Janet ta sunkuyar da kai. "An ce hannunki. Akwai wani Dogo mai duba a Sabon Gari. In ya ce ba komai, shi ke nan."

"Ke da kike jan waƙa a zumuntar mata? To, ɗauko gyalenki."

Dogo ya juya hannun Liya ya matsa shi, ya bi wani siririn layi da ya gangaro daga gindin yatsa ya tsallake wancan.

"Mama, kin yi sa'a. Wannan layin albarka ne, shi ya karya mugun. Da shi aka haife ki."

Janet ta yi ajiyar zuciya. Da Liya ta yi shiru, da magana ta ƙare a nan.

"Ɗana, wuƙar dashe ce ta zame mini, shekarar da aka yaye Japhet. Ɗinki huɗu aka yi mini. In albarka ce, ni na yanka wa kaina."

Ta janye hannunta ta juya ga Janet.

"Kin ji gwanin naki, bai san tabo ba. Ba da izininsa zan taɓa jikana ba. Mangwaron da ke tsakar gidanki, wanda kuke sha har ku aika coci, wa ya aurar da shi?"

Keke napep ɗaya suka shiga, ba wadda ta kalli wata.

A Palladan Liya ta sirka ruwa, ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, ta ce, "Precious, miƙo mini mijina."

Precious ta dubi uwarta, sannan ta miƙa shi. Liya ta tallafe ƙeyarsa da hannun hagu. Yaron ya callara kuka. Janet ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, kafin ta ce ruwan ya yi sanyi, ta tafi ɗauko na zafi.