Kalmar Ta'aziyyar da Na Koya wa Mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin Turanci, mahaifina ya aika a kira ni shagonsa na ɗinki a Fagge. Na tarar ya lulluɓe keken ɗinkinsa da rana tsaka. Abokinsa ne ya rasu, wani Ibo da ya daɗe yana sayar masa da zare da maɓallai a Kasuwar Sabon Gari. Yayan mamacin ya zo daga kudu ɗaukar gawa, kuma ba ya jin Hausa.

Mahaifina ya ce, "Me ake cewa da Turanci in an yi rasuwa?"

Na ce, "Ka ce masa sori kawai, Baba."

"Sori ai ta wanda ka taka wa ƙafa ce. Nemo mini mai nauyi."

Na ɗauki allin ɗinki na rubuta condolences a teburin yanka, na raba ta gaɓa huɗu: kon, do, len, sis. Na ce ya danna murya a kan do. Ya gwada, ta fito kwandalansis. Ni kuwa da rawar kan sabon malami na yi ta mayar da shi baya kamar ɗan aji ɗaya, har na ce ya bari in faɗa a madadinsa.

Ya ce, "Abokina ne, ba naka ba."

A adaidaita, kan hanyarmu ta zuwa gidan makoki, har muka wuce mahaɗar Bata yana ƙirga gaɓoɓin da yatsu kamar mai tasbihi.

Mun sami yayan zaune ƙarƙashin rumfa, dattijo mai furfura. Mahaifina ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Kon... do..." Sai murya ta ƙi. Ba mantawa ya yi ba, kuka ne ya ci ƙarfinsa. Na buɗe baki zan taimaka, dattijon ya riga ni. A hankali ya ƙarasa masa sauran gaɓa biyun, ya jawo kujera ya zaunar da shi kusa da shi. Haka suka zauna har la'asar, babu mai jin yaren wani.

Mahaifina ma ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Har yau ina koya wa ɗalibai raba dogayen kalmomi, amma in yaro ya tsaya a tsakiyar kalma ba na saurin gyara masa. Nakan ɗan jira tukuna, don ban san abin da ya tsayar da shi ba.