Kurciyar Gamji Ba Ta Cin Dawa

Kullum da hantsi sai na hau saman benen kafil ɗina, wato Balaraben da ya kawo ni ƙasarsu aiki, a unguwar Badi'a in zuba wa tattabarunsa tsaba. Direba aka ɗauke ni, amma ka san zaman nan, abin da aka ce ka yi shi za ka yi. Kukansu ne yake mayar da ni kan tsaunin Mambila, bakin kurmin da ke bayan gidan kakana.

A lokacin, ni duk tattabara tattabara ce. Wannan magana kuwa tana ƙona wa tsohon rai. Sai ya ja kunnena ya yi ta nuni. Ga hasbiya, mai ja a kewayen ido da ɗigo-ɗigo a fiffike, ita gona take bi, ba ta gudun mutane. Akwai wata babba mai duhun jiki da ba ta barin ƙololuwar itace, sai da damina in gajimare ya sauko kan kurmi muke jin fiffikenta. Sai kurciyar gamji, koriya shar, wadda ɓaure ne abincinta, kuma a kan reshe take cinsa.

Wata rana na kama koriyar da danƙo. Murna kamar me! Na kife ta da kwando, na zuba mata dawa har da ruwa a sakaina.

Kaka ya leƙa ya ce, "Kai ja'iri, sake ta. Hasbiya in ta kwana biyu a kwando sai ta fara ci, ta saba. Wannan ba za ta ci ba."

Na ce, "Tsoho, kishi kake yi don kai ba ka taɓa kamawa ba."

Ya yi dariya ya wuce masallaci. Kwana uku ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ba. Na ɗaga kwandon na tarar ta sandare, na yi kuka har da majina.

Yau shekarata shida ban taka gida ba. Fasfo ɗina yana hannun kafil, duk na tayar da zancen tafiya sai ya ce bukura insha Allahu, wato sai gobe. Kaka ya rasu ina nan, a waya na ji. Wallahi abin yana cina. Amma na saba, har ƙiba na yi.

Ranar Juma'a na sauka unguwar Batha na kira Inna. Muryarta ta tsufa sosai. Ba ta tambaye ni ranar dawowa ba, ta daina tambaya tuntuni. Cewa ta yi, "Kana dai cin abinci ko?"

Na ce, "Ina ci, Inna."