Abudi Mai Ba da Aron Suna

Ƙanina Abdulghaffar, wanda muke kira Abudi, bai taɓa cin bashin sisi don kansa ba. Amma ranar da ya fara shiga banki neman rancen sayen gida, ma'aikacin ya juyo masa da fuskar kwamfuta, sai ga sunansa baƙi ƙirin. Ni ce yayarsa, Sadiyya, ni na raka shi ranar, kuma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kakanmu da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, ya zauna Jidda, Allah ya ba shi jinsiyya, ya zama ɗan ƙasa. Saboda haka mu muna da hawiyya, katin ɗan ƙasa. Maƙwabtanmu a tsohuwar unguwarmu ta bayan Ammariyya kuwa, yawancinsu Hausawan Sudan ne masu iƙama, takardar izinin zama, ta wani da rai, ta wani ta daɗe da mutuwa. In mutum yana son layin waya na fatura, wato mai takardar biya a ƙarshen wata, ko firji, ko mukayyif na sanyaya ɗaki da za a biya wata-wata, sai an ga hawiyya da takardar albashi. To Abudi yana da duka biyun, don tun yana saurayi yake tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Khumra. Sai a zo a ce, "Abudi, ara min sunanka." A unguwarmu wannan kamar aron turmi ne, ba a rubutawa, ba a kafa shaida, kuma abin kunya ne ka bi mutum kana tambayarsa ko ya biya.

Ni ba mai zuwa wajena, an san bakina. Shi ko bawan Allah, ko takalmi bai gama cirewa ba zai mayar, ya bi mutum kanti ya sa hannu. In na yi faɗa ya ce, "Haba Yaya, da zafin nan? Akwai jariri a ɗakin fa." Sai in yi tsaki in wuce.

Gaskiya yawancinsu sun biya. Amma wani an kama shi an mayar da shi gida, wani ya rasu, wani aiki ya ƙwace masa ya ji nauyin faɗa. Saƙonni suna shigowa wayar Abudi, ya karanta, ya ce, "Zai biya, mutumin kirki ne." Haka abin ya yi ta taruwa a kan sunansa shiru.

Sai izala ta zo, wato rusau na gwamnati. Muka wayi gari an yi wa bangonmu jan rubutu, aka rushe unguwar kaf, jama'a suka watse. Mu dama haya muke, ba abin da ya biyo mu. Mahaifiyarmu, Inna Mastura, ta bi Abudi da matarsa Wafa' zuwa wasu ɗakuna biyu a Khumra, inda manyan motoci ke girgiza taga tun asuba. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Abin da ta ce kawai, tana tsince shinkafa, shi ne, "Ni dai ina roƙon Allah in cika a gidan da ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce in tashi." Abudi yana zaune ya ji. Washegari ya kira ni ya ce in raka shi banki.

To kun ji abin da muka tarar. A mota na buɗe masa wuta, na ce, "Ga shi nan, sarkin kirki! Rabin unguwa sun sha sanyi da sunanka, uwarka tana shaƙar hayaƙin tirela." Da muka tsaya a danja na ga yana share ido da gefen hannun riga, sai na bar faɗan.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake ba da labarinsa. Bai je ƙofar kowa ya ɗaga murya ba. Kamfani kamfani ya bi, na waya, na kayan wuta, ya zauna da su, suka yanka masa abin da zai iya, yana biya daga albashi da kuɗin ƙarin aiki. Duk wanda ya gama da shi sai ya karɓo takardar mukhalasa, shaidar cewa ba a bin sa komai, ya rufe layin. Ya sayar da motarsa ya koma bin motar ma'aikata. Wafa', Allah ya saka mata, ta cire awarwaronta na aure ta ajiye masa a kan tire tare da shayi.

Da ya gama ya rantse shi da bashi har abada. Sai ma'aikacin banki ya yi dariya ya ce, "La, ya akhi. Wanke suna daban, a yarda da kai daban. Sai mun ga kana ɗauka kana mayarwa a kan lokaci." Tabɗi! Wato maganin bashi, bashi. Aka ba shi wani ɗan ƙaramin kati, sai da ya ajiye kuɗinsa jingina tukuna. Inna ta ƙi taɓa katin, ta ce abin da ya ja masa tsiya ne aka maido masa a roba. Shi kuwa abu ɗaya yake saye da shi, maganin hawan jininta, kuma ranar da albashi ya shiga yake biya tun kafin ya sayi burodi. Shekaru ana haka. Tsofaffin tabon suka fara gogewa, aka maido masa jinginarsa, aka ba shi katin da ake ba kowa. Mutumin da a da ba ya tuna ranar haihuwarsa, ya koma ya san ranar kowace fatura.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne cewa a'a. Mutane sun watse amma lambarsa ba ta canza ba. In an kira, sai ya fita waje da wayar, ya daɗe, ya dawo kamar wanda aka yi wa duka. Wasu suka ce ya zama Balarabe, ya manta asali. Na ce ku faɗa da kyau, ku da kuka bar masa fatura.

Daga ƙarshe banki ya karɓi takardunsa. Ya samu wata shuƙƙa, wato sashe a gidan bene, a unguwar Safa, hawa na farko saboda gwiwar Inna, ga masallaci kusa. Ma'aikacin ya ja masa kunne: kafin a sa hannu kada ya ɗora wa sunan nan ko ƙwayar zarra, in wani abu ya maƙale, halas, a koma farko.

A cikin kwanakin nan ne Baba Bello ya zo, ranar Juma'a bayan an sauko. Baba Bello tela ne daga Kasala ta Sudan, aminin mahaifinmu. Da Abba ya rasu muna ƙanana, shi ya riƙa ɗinka mana kayan salla bai taɓa karɓar ko riyal ba, shi ya riƙe hannun Abudi ya kai shi siton nan aka ɗauke shi aiki, shi ya karɓar masa auren Wafa'. Izala ta ci shagonsa, ido kuma ya fara gajiya. Ya ci abinci, ya sha shayi, ya yi ta juya kofi a hannu. Can ya ce, "Abdu, ɗana, inda nake raɓe an ce in tashi. Na samu ɗaki, amma mai gidan ya ce ba ya ba tsoho marar albashi, sai da sunan ɗan ƙasa a takardar haya. Ban taɓa roƙonka ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Duk shekarun da ake layi a ƙofar Abudi, Baba Bello bai ari ko layin waya ba.

Ina tsaye a ƙofar kicin. Na san yaron nan, na san hannunsa ya riga ya fara laluben aljihu. Ya dubi ɗakin da Inna ke kwance, ya dubi ƙasa, ya ce, "Baba, ka dawo nan mana, ka kwana a falo. Ko in riƙa ba ka rabin hayar a hannu."

"Gida mai mata, ɗaki biyu? A'a, ɗana. Kuma shi ba kuɗi ya tambaya ba, suna yake so."

Sai na ji muryar Abudi, ƙasa-ƙasa, kamar ba tasa ba: "Baba, ka yafe min. Ba zan iya ba."

Tsohon ya ajiye kofi a hankali, ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya leƙa ya yi wa Inna sallama, ya tafi. Abudi ya shige banɗaki ya kunna famfo don kada mu ji, amma mun ji.

Ya yi ta yawo bayan aiki yana nema masa wani ɗakin, ko'ina magana ɗaya ce. Kafin a ankara Baba Bello ya yi takardar fita ta har abada, ya koma wajen 'yarsa a Kasala, garin da ya baro tun gemunsa na baƙi. Har gobe ina cewa Abudi ya yi daidai, ko a gaban wa zan faɗa. Amma abin ya ci min rai, kuma yana ci har yanzu.

Ranar da aka ba shi makulli muka je mu duka. Inna ta shiga da ƙafar dama, ta zauna a ƙasa a tsakiyar falo tana ta hamdala, Wafa' tana buɗe tagogi. Shi ko ya tsaya a bakin ƙofa ya ciro waya ya kira Kasala, kira mai hoto. Sai ga fuskar Baba Bello, ya rame, yana zaune a gindin bango.

"Baba, ga gidan."

"Ma sha Allah! Yalla, nuna min."

Ya bi da shi falo, ya nuna masa Inna, suka gaisa tana kuka yana tsokanarta wai ta zama hajiyar Safa. Ya nuna masa ɗakinta, da kicin, da ɗakinsu. Da ya zo ƙaramin ɗaki na ƙarshe sai ya tsaya.

"Baba, wannan ba kowa a ciki," ya ce. "Da ka ƙara haƙuri kaɗan..."

"Na gani, ɗana. Yana da haske." Tsohon ya matso da fuskarsa kusa da wayar yana ƙifta ido. "Abdu, ka yi sauri da yawa, idon nan ba kamar da ba. Koma bakin ƙofa ka sake shigowa da ni."

Abudi ya koma waje, ya ɗaga wayar da hannu biyu, ya yi sallama, ya sake shigowa da shi a hankali.