Tsagar da Aka Toshe wa Injiniya Ɗanlami

Ina tsaye a bakin kasuwar Maigatari ina neman mota, Auwalu, babban ɗan Injiniya Ɗanlami, ya kira ni. Muryarsa kawai na ji na san babu lafiya. Ya ce, "Kawu, Baba ya cika bayan azahar." Na yi ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, har wani mai shayi ya turo mini benci na zauna.

Injiniya Ɗanlami shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki a sashen gine-gine, kuma a hannunsa na koyi duk abin da nake ci da shi yau. Tun lokacin da aka ji ƙasa ta motsa a wajen Abuja, hankalinsa ya koma kan tsofaffin hasumiyoyin masallatai na tubali da ke ƙasarmu, daga Gumel har Gagarawa. Babu wanda ya aike shi. Mutane suka laƙaba masa Malam Girgiza, suna dariya, wai a nan ban da yunwa babu abin da ke girgiza mutum. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce, "Ban ce gobe za a yi ba. Na ce in aka yi, wane gini ne zai tsaya?"

Aikinsa babu hayaniya. Zai saki igiya mai ɗan ƙarfe daga ƙolin hasumiya ya ga ko ta karkace. Zai bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a manne. Wani lokaci ya aje kwanon ruwa a sama, mu jira tirela ta wuce, ya nuna mini yadda ruwan ke rawa. "Ka gani? Ita ba ta san bambancin tirela da girgizar ƙasa ba." In ya sami tsaga kuwa, sai ya manna ɗan siririn gilashi a gicciye a kanta. Idan tsagar na ƙara buɗewa, gilashin zai fashe. Shaida yake kiransa, ya ce shi ba ya jin kunyar kowa.

Duk cikin hasumiyoyin, wadda ta hana shi sukuni ita ce ta garinsu na haihuwa, a ƙasar Sule Tankarkar. Doguwa ce, gindinta siriri, an ɗora mata lasifikoki masu nauyi, ga tsaga ta taso daga kan ƙofa ta nufi sama. A inuwarta sahun Juma'a ke tsayawa idan masallaci ya cika. Duk shaidar da ya manna mata, fashewa take yi.

A gabana ya durƙusa wa limamin garin, dattijon da ya yi abota da mahaifinsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba rushewa nake nema ba. A janye sahu daga ƙarƙashinta, a sauke lasifika, mu ɗaure ta da ƙarfe."

Liman ya dube shi da murmushi. "Ɗanlami, kakanka a kansa ya ɗauki tubalin nan. Ta tsaya tun ba a haifi ubanka ba. Za mu duba."

A mota, da muka kusa Gumel, ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "A ko'ina ni injiniya ne. A garinmu ɗan Malam Habu ne."

Da ciwo ya kwantar da shi na je gaishe shi. Na tambayi jiki, ya ba ni amsa da hasumiya. Ya riƙe hannuna ya ce in riƙa leƙa shaidar, kada damina ta faɗi sahu na ƙarƙashinta. Na yi masa alkawari.

Bayan sadakar bakwai na tafi garinsu. Tun daga nesa na ga wurin ya canza. Hasumiya ta sha siminti daga sama har ƙasa, an shafe ta da farin fenti, an rubuta sunan marigayi da kore a kan ƙofa. Babu tsaga, babu gilashi. Matasan gari ne suka yi gayya, kowa ya kawo abin da ya samu.

Liman ya taso ya kama hannuna, idonsa cike da hawaye. Ya ce, "Ɗanmu ya tafi da damuwar tsagar nan a ransa. Mun ƙi jinsa yana raye. To, ga shi mun toshe masa ita, ya kwanta da sanyin rai."

Ta yaya zan gaya wa dattijon da ke kuka cewa sadakarsu ce mafi munin abin da aka taɓa yi wa ginin nan? Siminti a kan tubali nauyi ne, kuma ruwan da ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai ya jiƙa ƙasar daga ciki. Tsagar tana nan, ganinta ne ba za mu ƙara yi ba. Na ƙwanƙwasa bangon yadda ya koya mini, ya amsa kamar tulu marar ruwa. Duk da haka na yi ƙarfin hali na faɗa. Liman ya dafa kafaɗata ya ce baƙin ciki ne ke damuna, in je in huta.

Tsoro nake ji, kuma ban san ƙofar da zan ƙara bugawa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tun da aka gyara wurin, har waɗanda ke salla a ciki sun koma inuwarta, don neman albarkar sunansa. Ku da kuka raka gawarsa, in akwai wanda Liman ke jin maganarsa, na roƙe ku don Allah ku bi ni mu je.

Allah ya jiƙan Injiniya Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya bai wa matarsa Hajiya Rabi da Auwalu da ƙannensa haƙurin rashi, ya zama gatansu. Ya Allah, ka riƙe wannan hasumiya da ikonka, kada ta faɗo kan mutanen da suka so shi, da sunansa a goshinta. Ka sa Liman ya saurare mu kafin Juma'a. Amin.