"Sai Godiya" a Bakin Kwamfuta

A ƙarshen shekarun 1980 aka kawo kwamfuta ofishinmu na noman rani a Kura, aka ɗora ni a kanta, wai don na iya tafireta. Ta zo da wani faifai da ake kira laburare, dabarun da wasu suka riga suka rubuta. Kai dai ka faɗa masa halayen da abu zai iya shiga, da abin da zai fitar da shi daga wannan hali zuwa wancan, sauran aikin nasa ne.

Na ba kowace gona hali uku: jira, sha, ƙoshi. Gonar da ke sha, ƙofar ruwanta a buɗe take har sai na buga "ya isa". Da na buga ta koma ƙoshi, ruwa ya wuce gaba. Wallahi har kaina ya kumbura.

Malamin gona ne ke zagayawa a babur, ya tambayi manoma ko ruwa ya isa, ya rubuto amsarsu. Akwai wani tsoho a wajen Bunkure, alkamarsa tana can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa a gajiye. Duk zuwa, amsarsa ɗaya: "Sai godiya." Laburaren bai san wannan ba, "ya isa" ya sani da "bai isa ba". Ni kuma, da gaggawata, na ce mai godiya ai ya ƙoshi. Sau uku ina rufe masa ƙofa, alkama tana fid da kai.

Ranar da malamin gona ya gane, ya shigo ko sallama babu.

"Kai wane irin mutum ne? Dattijo zai buɗe baki ya ce bai isa ba?"

Na hayayyaƙo masa, na ce to ya rubuto abin da na'ura ke ji mana! Na ƙara hali na huɗu, "a je a duba", sannan na bi shi a babur.

Mun tarar tsohon ya riga ya bar wa Fulani alkamar, shanu na ciki. Kunya ta kama ni, na shiga kame-kame, na ce kwamfuta ce ba ta jin Hausa.

Ya dube ni ba fushi.

"Kada ka yi mata faɗa, ɗana, baƙuwa ce. Kai fa, ɗan ina ne?"